Zakarun Mai Gari Jatau

Ku yaran zamani masu gyara wa tsofaffi Hausa, ku rufe baki ku saurara!

Mai gari Jatau ya kafa doka: duk wanda ya furta kalmar Turawa zai ba wanda ya kama shi zakara, kowace kalma da zakaranta. Ranar kasuwa ya ji Tabawa mai ƙosai ta ce "bokiti". Zakaranta kuwa ɗaya ne tak.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni jahila ce. Waɗanne kalmomi ne aka hana, in kiyaye?"

Ya gyara zama. "Bokiti! Mota! Asibiti! Biredi! Rediyo! Kin ji?"

"Na ji sarai, ranka ya daɗe. Biyar ke nan. Cire nawa ɗaya, ka ba ni huɗu."

Kasuwa ta kece da dariya. Tabawa ta koma gida da zakaru huɗu a kwando, suna ta cara.