Lamba Ɗaya da Auta Ya Haddace

Akwai wani matashi mai aski da kowa ke kira Auta, don da sunan mahaifiyarsa ke kiransa. Hannunsa da sanyi a kan mutane, amma zuciyarsa kamar ashana take.

Sati biyu Mama na kwance a asibiti. Ranar wata Talata da hantsi ƙanwarta mai jinya ta bugo masa cewa jikin ya tashi. Ya bar mutum da rabin aski, ya ruga.

A bakin ƙofa wani dattijon maigadi ya tare shi. "Ɗana, likitoci na zagaye. Sai ƙarfe huɗu ake shiga."

"Baba, uwata ce a ciki!"

"Duk wanda ka gani a bencin nan nasa ne a ciki. Yi haƙuri."

Auta bai san lokacin da ya fara ihu ba. Ya jijjiga ƙofar, ya ture dattijon har hularsa ta faɗa kwata. Mutane suka taru, wayar Auta ta faɗi ta fashe. Kafin ya dawo hayyacinsa yana cikin motar 'yan sanda.

Wannan ne karonsa na farko. A kantar ofishin 'yan sanda, wani kofur ya ce laifinsa tayar da hankalin jama'a. Aka karɓe bel ɗinsa, igiyar takalmi da matajin da ke aljihunsa, aka tura shi ciki.

Wani tsohon direba da ke zaune a kusurwa ya dube shi ya yi dariya. "Sabon shiga ne, ko? Ga shi ka riƙe wando kamar za a ƙwace."

"Baba, me za su yi mini?"

"Da farko sauke murya, nan ba a cin nasara da ita. Za su rubuta bayaninka, ka sa a karanta maka kafin ka sa hannu. Tunda na farko ne, in wanda ka taɓa ya yafe, kuma ka sami mai tsaya maka, wataƙila gargaɗi kawai. In ba haka ba, sai gaban alƙali, gobe ko jibi."

Jibi. Wa ya san ko Mama za ta kai jibi?

Da aka gama rubuta bayaninsa, kofur ya miƙa masa tasa wayar. "Kira mai zuwa ya tsaya maka."

Auta ya yi tsaye. Abokai fiye da ɗari a wayarsa da ta fashe, amma ko lambar mutum ɗaya babu a kansa. Sai guda: wadda Mama ta tilasta masa ya haddace ranar da ta sayi 'yar wayarta mai madannai.

Ita ta ɗauka da kanta. Muryar siririya kamar zare.

"Mama, ni ne. Ina ofishin 'yan sanda."

Ta ce, "Ashe kai ne mai ihun ɗazu. Sai da na ce wa ƙanwata, wannan muryar ni na haife ta. Wa ka taɓa?"

"Maigadi."

"To. Mayar musu da wayarsu."

Bayan awa biyu sai ga dattijon, hular a kansa ba ta gama bushewa ba. Ya ce wa kofur, "Yallaɓai, na janye. Ni kuma zan tsaya masa."

Auta ya kasa ɗaga kai.

"Mahaifiyarka ta sa an kira ni har gefen gadonta," in ji dattijon. "Ta ce ba ta da ƙarfin durƙusawa, in ɗauka ta durƙusa. Kai, mai irin wannan uwar yake ture mutane?"

Aka yi masa gargaɗi, suka sa hannu. Don sauri Auta ya manta bel ɗinsa.

Suka isa asibiti huɗu saura minti biyar. Dattijon ya nuna masa benci. Auta ya dubi ƙofar, ya dubi bencin, ya zauna. Bai taɓa ganin minti biyar masu tsawon waɗannan ba.

Da ya shiga ɗakin, hannu ɗaya riƙe da wando, Mama ta yi dariya har da tari. "Zo nan, ɗan fursunana. Ka ba babanka maigadi haƙuri?"

"Na ba shi, Mama."

Ranar Alhamis da safe ta rasu, hannunta cikin nasa. Jibin nan da direba ya faɗa.

Yanzu duk sati Auta na zuwa bakin ƙofar ya yi wa dattijon aski. Lambar kuwa tana nan a kansa. Wani lokaci yakan danna ta, ya tsaya kafin ya kai lambar ƙarshe.

Darasi: Fushin minti ɗaya na iya cinye maka kwanakin da ba za su dawo ba. In ƙaddara ta kai ka bayan kanta, ka sauke murya, ka nemi yafiyar wanda ka ɓata wa. Ku tura wa wani mai saurin zuciya, kuma wanda tasa uwar ke raye ya kira ta yau.