Sunan da Ba Ya Jikin Bango

Sakataren kwamiti mutum ne mai son kujera da gudun wahala. Shi aka ɗora wa tattara sunayen ma'aikatan da suka gina babbar gada shekara talatin da suka wuce, don a sassaƙa su a bangon sabon dandalin da ke gindinta. Rajista tara ce a sito, duk sun yi ƙura. Ya zari ta ƙarshe kawai, ta ranar da aka gama aiki, ya miƙa wa masu sassaƙa, ko buɗe ta bai yi ba.

Na je ofishinsa, domin mijina birkila ne a aikin gadar, a shekara ta biyu katako ya karye da shi ya faɗa ruwa.

Na ce, "Ɗana, wanda ya mutu a bakin aiki ai ba ya cikin rajistar ranar ƙarshe."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Iya, an riga an rufe. So kike a fasa bango saboda mutum ɗaya?"

"Su goma sha bakwai ne."

"To, Allah ya ji ƙansu. Ja mini ƙofa."

Ranar buɗe dandali ya ci ado, yana ta gaisawa da manya. Sai ga mahaifiyarsa tana dogara sanda. Ashe ubansa lebura ne a gadar, ruwa ya tafi da shi tun sakataren yana goye.

Ta ce, "Nuna mini babanka, ka san ban iya karatu ba."

Ya bi bangon da ido har sau biyu. Sunan ubansa ba ya nan. Sai ya ɗora yatsa a kan wani suna. Tsohuwa ta shiga shafa rubutun tana hawaye.

Wani tsohon mai walda ya leƙo. "Haba, yallaɓai! Wannan ai direban tifa ne. Ga shi can a kujera yana shan lemo!"

Ta janye hannunta, ta goge a zani. Ta ce, "Ka sake barin sa a ruwa." Ya buɗe mata mota, ta ƙi shiga. Tare muka taka har titi, ni da ita.

Darasin a fili yake: aikin da aka ba ka amana, ka yi shi har ƙarshe, kuma kada ka raina mai kawo maka gyara. Haƙƙin da ka tattake don lalaci, ba ka san na wane ne a ciki ba. Wataƙila na ubanka ne.