Kwandon Azumi da Ramin Taki

An ce wai a wata unguwa ta masu lambu an yi wani mai unguwa, Malam Barau, mutum mai sanyin hali. Mutanensa suna da rijiya, suna da ƙarfin noma, amma ƙasarsu ta gaji. Sai ya sa aka haƙa rami a bayan unguwa, ya kafa doka: kowane gida ya riƙa kawo sharar madafa, ɓawo da toka da ruɓaɓɓen ganye. In taki ya nuna, a ba kowa gwargwadon abin da ya kawo.

Akwai wata bazawara, Hajjo, da 'yarta Azumi, waɗanda ɗan fegin alayyafo ne abincinsu. Ba abin da ke saura a gidansu. Tuwon da ya kwana a ɗumama shi, ƙanzo a jiƙa. Kullum Azumi kan je rami da ɗan abin da bai rufe gindin kwando ba, alhali na gidan Alhaji Tanimu mai goro sai yara biyu sun kama.

Yara suka sa ta gaba. "Azumi, ku a gidanku kullum azumi ake yi?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga ranar ta riƙa ɓoye tuwonta, ta ɗora bisa toka don kwandon ya yi tudu, ta kwana da yunwa.

Ba a jima ba rami ya fara wari, ɓeraye suka yi gida, domin dafaffen abinci da mai ba sa ruɓewa lafiya. Mai tsaron rami ya kama Azumi da malmalar tuwo, ya kai ta gaban mai unguwa. Alhaji Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, a hana su rabo. Su kawo kaɗan, kuma su ɓata mana mai yawa?"

Hajjo na tsaye, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Barau ya ce, "'Yata, tuwon nan lafiyarsa lau. Me ya sa kika zubar?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, don kada a ce ba mu da komai."

Mai unguwa ya juya ga jama'a. Ya ce, "Dokar da ta sa yarinya ta ciyar da rami ta bar cikinta, mai dokar ya kamata a fara tuhuma. Ku shimfiɗa tabarma, ku juye kwandunan yau. Abin da baki zai iya ci a ware shi gefe, don ba rabon ƙasa ba ne. Abin da ya rage shi za a auna."

Aka juye na Alhaji. Aka ware shinkafa, aka ware burodi, aka ware doya da miyarta. Abin da ya rage ɓawon albasa ne da bai cika tafin hannu ba. Aka juye na Azumi, aka ɗauke malmala ɗaya, toka da itacen rama da ɓawon gyaɗa suka tsaya, sun ninka nasa.

Alhaji ya dubi tarin shinkafarsa, ya dubi ramammen wuyan yarinyar, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Wallahi ban taɓa leƙa kwandon nan ba."

Malam Barau ya ce, "Ni ma ban leƙa ba, Alhaji. Daga yau sauran abinci ya bi ƙofar maƙwabta tun yana da zafi, rami kuma ya karɓi nasa. A ba ƙasa abin da baki ya kasa, kada a ba ta abin da baki ke nema."

Da taki ya nuna, Hajjo ta sami rabonta cif. Azumi kuwa ta gane cewa kwandonsu bai cika ba ne domin a gidansu ba a wulaƙanta abinci, kuma wannan ba abin kunya ba ne.