Kura Mai Gawayi da Tafkin Kwaɗo

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai kukan zafi. Kuna fifita da gefen riga kuna cewa duniya ta canza, amma ko ƙofar kansila ba ku taɓa takawa ba. Ku buɗe kunne, ba na maimaita magana.

An yi wata Kura mai haɗama da ta kama sana'ar gawayi. Sai ta sare ƙirya, ta jibge itacen, ta lulluɓe da ciyawa da ƙasa, ta cinna wuta. Hayaƙi ya yi ta taruwa a sama kamar bargo. Zafi ya rasa hanyar fita, damina ta riƙa makara.

A dajin akwai Kwaɗo mai tsiwa. Tafkinsa ya janye har 'ya'yansa suna mutsu-mutsu cikin taɓo. Ya je ya sami Kura.

"Ke Kura, hayaƙinki zai kashe mini 'ya'ya!"

"Ji ɗan bakin nan!" in ji Kura. "Ni kaɗai ke hura wuta a duniya? In zafi ya dame ka, nemi mafici."

Kwaɗo ya wuce wurin Toron Giwa, malalacin da dabbobi suka zaɓa ya shugabance su. Ya tarar da shi yana gasa masara da gawayin da Kura ta kawo masa gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a hana wutar nan."

"Ruwa na Allah ne, Kwaɗo. Mu yi ta addu'a."

"Ruwa na Allah ne, ranka ya daɗe, amma ashanar ta Kura ce."

Toron Giwa ya juya masararsa. "To, za mu kafa kwamiti."

Kwaɗo bai koma gida ya yi tagumi ba. Ya tara kwaɗin dajin kaf, ya gayyato zabi, suka yi dafifi a ƙofar shugaba suna kuka ba tsayawa. Mai kunne kamar faifai, ina zai ɓoye?

"Kai, ku yi mini shiru!"

"Mu muka ɗora ka, mu za mu sauke ka," in ji Kwaɗo. "Doka ko kujera, zaɓi ɗaya."

Nan take raggon ya tuna yana da baki. Aka yi shela cewa duk wanda aka ga hayaƙin gawayinsa, ya bar dajin.

Kura ta ce doka ta matsorata ce. Ta zagaya bayan dutse, ta yi tudun gawayin da ya fi na kullum girma. Da wuta ta ci, hayaƙi ya fara tsartuwa ta sama. Ta ji kukan zabi yana matsowa, sai ta ruɗe. Duk mai gawayi ya san ba a taka tudu in ya kama, domin cikinsa ya zama rami. Ita kuwa ta ɗebi ƙasa ta haye don ta toshe hayaƙin. Tudun ya burma da ita har ƙugu.

"Wayyo Allah! Kwaɗo, ɗan uwana, ruwa!"

"Yau ni ne ɗan uwa? Wane ruwa kika bar mana?"

Da ƙyar aka jawo ta, aka yaɓa mata taɓo, aka raka ta bakin daji. Damina ba ta gyaru a shekara guda ba, amma sauran ƙirya sun tsira, tafki ya dawo a hankali, 'ya'yan Kwaɗo da suka rage suka girma.

Darasin wannan labari shi ne, shugaba ba ya hana hayaƙi sai an hana shi sakat. Ku je ku tsaya a ƙofar waɗanda kuka zaɓa har su taka wa masu turnuƙe sama birki, ku daina yi mini kuka a tsakar gida. Mai ƙona na kowa kuma ba ya fita lafiya. Kura ta rasa sana'a, ta rasa daji, ƙafafunta na baya suka ƙanƙance. Har yau da su take jan gindi.