Yadda Gizo Ya Ɗaure Tarinsa

"To ku matso, ga ta nan ga ta nanku."

"Ta zo mu sha ta, Kaka."

Wata shekara aka yi wani mugun tari da ya ƙetaro kogi yana bin ƙasa-ƙasa. Kowa na ta kansa, amma Gizo, sarkin kwaɗayi, tambayarsa ɗaya ce: ina ake dafa abinci?

Ya fara da ƙasar Birai. Sarkinsu ya ce babu wani tari, sharrin maƙiya ne. Ya sa makaɗa su riƙa kiɗa da ƙarfi don kada a ji masu yi, aka kuma shirya gagarumin biki. Gizo ya zauna akushi ɗaya da wani tsohon biri da ke tari har cikin miya.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Yaji ne," in ji birin.

Gizo ya ce lallai yaji ne, ya suɗe akushin tas. Kwana biyu sai ga maƙogwaronsa yana ƙaiƙayi, birai kuwa rabinsu sun kwanta, har da makaɗan.

Ya wuce ƙasar Kuraye. Su kuma cewa suka yi ciwon baƙi ne, duk baƙon da ya yi tari a cinye shi. Gizo na tsakiyar kasuwa tarin ya taso masa. Ya wawuri igiya ya ɗaure cikinsa tamau.

"Kai baƙo, me ya sa idonka ya firfito?" in ji wata kura.

"Kyawunki nake kallo, ranki ya daɗe."

Kafin ta gama murmushi ya cika wandonsa da iska.

Sai ƙasar Tururuwa. Su tun da suka ji labari suka rufe ƙofar gari, suka gina bukkoki a waje. Mai gadin ƙofa, wata tsohuwar tururuwa mai kaifin ido, ta tare shi.

"Kana tari?"

Gizo ya tuna haƙoran kura, ya ƙara jan igiya. "Ni? Ko kakana bai taɓa yi ba."

"Ka tabbata?"

Ya ƙara ja. "Na rantse."

"In sake tambaya?"

Ya ja har ya ga taurari. "Garau nake."

"Madalla. Baƙo mai lafiya yakan zauna gindin tsamiya kwana goma sha huɗu, ya ci guzurinsa. Mai tari kuma muna ba shi bukka da farfesun kaza da zuma har ya warke."

Wayyo Gizo. Ba shi da guzuri ko na ƙwayar gero. Ya zauna yana kallon kwanukan farfesu suna wucewa, ƙamshi na dukan hancinsa, zazzaɓi na cinsa. Ni kaina da nake ba ku labarin na ji tausayinsa, amma kaɗan.

Da yunwa ta kai masa karo ya rarrafa ƙofa. "Iya, na tuna, ina ɗan tari."

"Yi mu ji."

Ya yunƙura, shiru. Ya sake, shiru. Ya kama ƙullin igiya, ashe ta nutse cikin nama, ba ta kwantuwa. Sai ya fashe da kuka ya faɗi gaskiya tun daga akushin biri.

Tururuwa suka rufe hancinsu da ganye, suka ciccije igiyar. Tarin kwana bakwai ya fito lokaci guda, har ya yi sama da ɗankwalin tsohuwar. Suka kai shi bukka.

"Ina farfesun?" in ji Gizo.

"Na wanda ya faɗa da wuri ne. Naka ya riga ya yi nisa, sai jiƙon maɗaci."

Ya sha safe da yamma yana hawaye, ya warke. Amma cikinsa bai ƙara komawa daidai ba. Ku duba gizon da ke kan dangarmu, har yau tsakiyarsa a tsuke take.

Saboda haka in ciwo ya kama ku, ku faɗa tun da wuri. Wanda ya ɓoye ya cuci kansa, ya cuci maƙwabta. Ke Tasalla, na ji ki kina haɗiye naki tun ɗazu, zo nan in taɓa goshinki.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare.