Ranar da Hoyt Ya Ɗaga Rufi Shi Kaɗai

Akwai wani mutum a nan garinmu na jihar Idaho, Hoyt Lassiter, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ya sha kofi a zaune ba. A tsaye yake sha, yana leƙen taga, yana kaɗa makullai a aljihu. Ya haura sittin, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, amma jikinsa bai samu labarin ritayar ba. Tsawonsa ya sa kowa a garin "Dogo" yake kiransa.

Matarsa Marlys gajeriya ce, mai sanyin magana. Wata shekara, ana fita daga sanyi, likita ya gaya musu ciwon idonta ba mai warkewa ba ne. Ganin zai riƙa raguwa a hankali har ya tafi.

A hanyar gida Hoyt ya tambaye ta abin da take so ya yi mata. Ta daɗe tana kallon gonaki ta tagar mota, sannan ta ce, "Ban taɓa ganin teku ba."

Ba a yi sati ba sai ga Hoyt ya shigo unguwa da tsohuwar bas ɗin makaranta, ruwan ɗorawa, wadda ya saya a gwanjo. Ya ce zai mayar da ita gida, da gado da kicin da banɗaki, su bi gaɓar teku daga arewa har kudu, ta riƙa farkawa da ruwa a tagarta.

Marlys ta zagaya motar tana shafa ta da hannu. "Hoyt, teku na ce. Ban ce gida mai taya ba."

"Ke dai bari. Ni ba zan kai ki ɗakin haya mai warin taba ba. In za mu yi, mu yi mai kyau."

Daga ranar unguwar ba ta ƙara hutawa ba. Ya cire kujeru, ya ɓamɓare daɓe, ya fitar da tagogi. Da safe ƙarar injin yankan ƙarfe, da yamma ƙarar guduma. Yana kama wannan aiki, kafin ya gama ya tsallaka wancan. Ko abinci a cikin motar yake ci.

Matsala ɗaya ce ta tsaya masa. Motar ta yara ce, shi kuwa ba ya iya miƙewa a ciki. Kullum a duƙe yake, goshinsa bai rabu da ƙulu ba. Sai ya yanke shawarar yin abin da masu irin wannan aikin ke yi: a yanke ƙarafan da ke riƙe da rufin, a ɗaga shi kamar kamu guda, a yi wa ƙarafan ƙari da walda.

Marlys tana da ƙane mai walda, Duane. Hoyt ya kira shi ya zo ya duba. Ya zo da yamma, hannunsa baƙi ƙirin da man inji, domin an shiga cire dankali, kuma a lokacin nan duk injin da ya karye a gona shi ake nema.

Duane ya bubbuga rufin. "Dogo, wannan ba murfin tukunya ba ne. Mutum huɗu ake so, kowa a kusurwarsa, ga ni kuma da injina. Bari a gama cire dankali."

"Yaushe ke nan?"

"Ranar da dankalin ya ƙare mana. Ni na shuka shi?"

"Dusar ƙanƙara za ta riga ku zuwa."

"To ta zo ta kama mana kusurwa ɗaya." Ya juya wajen yayarsa. "Yaya, don Allah ki ɗaure mijin nan naki a jikin bishiya har in dawo."

Marlys ta yi dariya. Hoyt bai yi ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Manyan motocin dankali na kai da kawo a titi, Hoyt na tsaye a bakin shinge yana harararsu kamar su suka riƙe masa ƙafa. Ya shiga gida, ya fito. Ya kira Duane a waya, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya ji ƙarar inji da muryar Duane tana cewa, "Dogo, ina ƙarƙashin mota, ka bar ni!"

Wata safiya ya leƙa ya ga kan duwatsu ya yi fari da dusar ƙanƙara. Bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauko injin yankan ƙarfe.

Kafin azahar ya yanke ƙarafan duka, gaba da baya da gefe biyu. Rufin ya zama zaune kawai a kan bangon motar, babu abin da ke riƙe da shi sai nauyinsa. Ya kafa katako mai kauri a kowace kusurwa daga ciki, ya sa jak irin na ɗaga mota a ƙarƙashin kowanne. Shirinsa ya riƙa zagayawa yana ɗaga ko'ina kaɗan-kaɗan.

Abu ɗaya ne ba zai iya shi kaɗai ba. Dole wani ya sa ido a kan ma'aunin magina, irin mai ɗan kumfa a cikin ruwa, don a tabbatar rufin bai karkace ba. Ya ɗaure ma'aunin a jikin rufin, ya kawo kujera 'yar tsugunno, ya kira Marlys.

"Zauna nan. Ki kalli kumfar nan kawai. In tana tsakiya ki ce tsakiya."

"Hoyt, Duane fa ya ce..."

"Duane yana auren dankali. Zauna."

Ta zauna. Ya fara. Ya danna jak na gaba, ya ruga baya, ya dawo gaba. Haske ya fara shigowa ta tsakanin rufi da bango, sirit da farko, sannan faɗin tafin hannu.

"Yaya?"

"Tsakiya," in ji Marlys.

Ya ƙara. Gumi na zuba a idonsa. Iska ta fara tasowa daga gonaki, tana kaɗa tamfol ɗin da ya rufe kayansa da shi.

"Yanzu fa?"

Ta ɗan yi jim. "Tsakiya."

Ba tsakiya ba ce. Gefen hagu ya riga ya fi na dama tsawo, rufin duka ya jingina a kan katako biyu. Hoyt ya dafa bango da hannun hagu zai miƙa ya ƙara dannawa, sai iska ta bugi rufin daga gefe. Katako ɗaya ya zame ya yi tsalle. Rufin ya yi wata ƙara, ya sulmiyo, ya faɗo a karkace a kan bangon.

Marlys tana zaune ƙasa-ƙasa, don haka ya tsaya a samanta bai taɓa ta ba. Hannun Hoyt kuwa yana kan bangon. Ƙarfen ya danne shi daidai wuyan hannu.

Ihun da ya yi, da lokacin da mutane suke gida ne, da unguwa ta taru. Amma kowa yana gona.

"Marlys! Jak ɗin! Ɗauko jak ɗin, ki sa a nan!"

Ta durƙusa tana lalube.

"Ga shi nan gabanki! Ja ne! Me kike jira?"

Hannunta ya wuce ta gefensa ya kama guduma.

"Ba wannan ba! Ke, ga shi nan kina kallonsa!"

"Ba na ganinsa, Hoyt!" Muryarta ta fashe. "Ba na ganinsa! Kumfar ma ban gan ta ba!"

Zafin hannun na nan, amma wani abu ya fi shi. Hoyt ya dubi matarsa a durƙushe, fuskarta na fuskantar jak ɗin sosai, idanunta a buɗe, hannunta na yawo a iska.

Ya ja numfashi, ya sassauta murya. "To. Ba komai. Matso da hannunki dama. Kaɗan. Ƙara. Yauwa, shi ne."

Haka ya riƙa yi mata jagora da baki, a hankali, yana cije haƙora. Ta jawo jak ɗin, ta lalubo katako, ta tsayar da shi inda ya ce. Ta danna, ƙarfinta bai kai ba. Ta hau da nauyinta duka. Rufin ya motsa kaɗan, daidai yadda zai zare hannun.

Marlys ta kira motar asibiti a waya. A asibiti aka ce ƙashin ya karye, aka yi masa ɗori. Suna zaune suna jiran sallama ya tambaye ta, "Tun yaushe?"

"Tun girbin alkama. Tsakiyar komai ta tafi. Gefe-gefe nake gani. Fuskarka ma sai na kau da kai nake ɗan hango ta."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Bayanka kawai nake samu. In na kawo kofi ka ce in ajiye can. Ranar nan gishiri na zuba a kek maimakon sukari, ka cinye a tsaye ka ce ya yi daɗi." Ta gyara zama. "Kuma tsoro na ji. Na san in na faɗa maka, sauri za ka ƙara."

 

Sai ga Duane ya faɗo ɗakin da takalman gona, ransa a ɓace. Ya dubi yayarsa sama da ƙasa, ya tabbatar lafiyarta ƙalau, sannan ya juya.

"Kai, Dogo, tsawon nan naka duk a ƙafa ya ƙare? Babu ko kaɗan da ya kai ƙwaƙwalwa? Ka zaunar min da 'yar'uwa a ƙarƙashin ƙarfen da ya fi saniya nauyi!"

"Na yi laifi."

Duane ya tsaya. Ya zo da shirin faɗa, bai zo da shirin wannan amsar ba. Ya sosa ƙeya.

"To ai shi ke nan, ka ɓata min faɗan." Ya zauna a bakin gado. Marlys ta gaya masa zancen idon. Da ta gama, ya juya wajen Hoyt ya ce, "A-kori-kurarka tana nan a ƙofar gida, tayoyinta huɗu lafiya lau. Waye ya ce maka teku ba ya karɓar baƙo sai a bas?"

Da likita ya yarda, suka kama hanyar teku a a-kori-kurar. Motar ba mai giyar hannu ba ce, Hoyt ya tuƙa da hannu ɗaya, a hankali, suna tsayawa duk inda Marlys ta ce. Suka kwana a hanya, washegari da la'asar suka isa gaɓar teku a jihar Oregon.

Ya riƙe ta suka sauka kan yashi. Iska mai gishiri ta cika musu baki. Marlys ta tsaya ta fuskanci ruwan, sai ta juya kanta gefe kamar mai sauraro, tana kallo ta wutsiyar ido.

"Kai," ta ce. "Ashe ba shi da ɗaya gefen."

"Kina gani?"

"Ina ganin haske yana motsi. Ga fari yana tahowa, ya fashe, wani ya biyo shi. Can kuma ja ne, ko?"

"Rana ce za ta faɗi."

"To yi shiru in gani."

Ya fara cewa gobe in suka tashi da wuri za su iya kaiwa wani gari a kudu, sai ya ji abin da yake faɗa, ya haɗiye sauran. Suka tsaya har jan ya dushe. A nan suka yi sati guda, a ƙaramin ɗakin haya, suna shan miyar kifi mai madara, kullum suna komawa wuri ɗaya a bakin ruwa.

Da suka dawo gida an gama cire dankali. Tun daga kwanar titinsu Hoyt ya hango bas ɗin ta ƙara tsawo. Duane da abokan aikinsa huɗu sun zo ranar Asabar, sun daidaita rufin, sun ɗaga shi, sun yi walda, sun rufe gefen da sabon ƙarfe. Kafin faɗuwar rana suka gama, in ji maƙwabta, har da hutun cin nama.

Hoyt ya je godiya. Duane ya ce, "Ajiye godiyarka. In hannun ya warke kai za ka wanke min mota har Kirsimeti."

Sauran aikin ya ci sanyin nan duka da bazara. Kafin bas ɗin ta hau titi, idon Marlys ba ya rarrabe komai sai dare da rana. Suna tafiye-tafiyensu har yanzu, kuma duk inda suka tsaya mutane sukan leƙo su yaba aikin.

Marlys takan yi murmushi ta ce, "Haka kowa ke cewa, wai tana da kyau. Ni ban gan ta ba. Amma na ga teku."

Darasi: Gaggawa takan rufe wa mutum ido har ya daina ganin wanda yake wahalar dominsa. In kana yi wa wani hidima, ka riƙa ajiye kayan aiki kana duban fuskarsa, ka tambaye shi halin da yake ciki, ka kuma ji amsar. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, jiran 'yan'uwa ba ɓata lokaci ba ne. Alherin da za ka iya yi yau da abin da ke hannunka kuwa, kada ka jinkirta shi don neman wanda ya fi shi ƙayatarwa. In ka san wani Dogo a gidanku ko cikin abokanka, tura masa wannan ya karanta.