Manomin da Ya Kasa Rubuta Labarin Matarsa

Akwai wani mutum manomi, wanda matarsa Afiniki ta rasu ta bar masa 'ya tana rarrafe. Sunan yarinyar Kyauta. Yayarsa Keziya ce ta goye ta, ta rene ta a gidan da ke jikin nasa.

Da yarinyar ta yi wayo sai ta riƙa tambayarsa, "Baba, yaya mamata take?" Shi kuwa in ya buɗe baki, sai ya rasa ta inda zai fara. Wata rana ya ce mata, "Ki yi haƙuri, 'yata. Zan rubuta miki labarinta duka, in ba ki ran da za ki tafi gidanki."

Ya sayo littafi da biro a kasuwa. Ya ce in an gama shuka zai fara. Aka gama shuka, ya ce sai an gama noma. Kaka ta yi, ya ce bari a kai hatsi rumbu tukuna. Ran da ya samu ya zauna kuwa, yakan rubuta layi ɗaya, ya karanta, ya ce, "Afiniki ta fi wannan," ya yage takardar. Haka shekaru suka yi ta wucewa, littafin yana ramewa, babu ko kalma a cikinsa.

Kyauta ta girma, ta sami wanda take so, aka sa biki bayan kaka. Mutumin nan ya shiga damuwa ƙwarai, gama ya san ba ta manta ba.

Wata safiya Keziya ta shigo da faifan gyaɗa, ta same shi zaune a gindin mangwaro, littafi a cinya.

Ta ce, "Baban Kyauta, lafiya ba ka tafi gona ba?"

Ya ce, "Yaya, alkawarin yarinyar nan ne. Ina neman maganar da ta dace da uwarta, na rasa. Kaina ya bushe."

Keziya ta zauna tana ɓarar gyaɗarta. Can sai ta ce, "Ka tuna miyar da ta fara yi mana tana amarya?"

Sai dariya ta kubce masa. Ya ce, "Sau biyu ta zuba gishiri! Babanmu ya cinye tas, ya sa mata albarka, sa'an nan ya wuni a bakin randa."

"To, rubuta wannan."

"Haba Yaya, da wannan zan fara labarin mutuniyar kirki?"

Ta ce, "Shi ke hannunka yau. Rubuta, kuma kada ka yage."

Ya rubuta, rubutun a karkace, da gyara nan da can. Ya kai hannu zai yage, ta riƙe hannun.

Kashegari ta sake zuwa a daidai wannan lokaci, kafin ya ɗauki fartanya. Haka kowace safiya: ta yi masa tambaya ɗaya, ya rubuta abin da ya zo, ya rufe littafi ya tafi gona. Akwai ran da ya ce, "Yau ban tuna kome ba." Ta ce, "Rubuta haka ɗin." Ya rubuta, kafin ya ɗaga biro sai ga ƙamshin man kaɗen da Afiniki take shafawa ya dawo masa, ya cika shafi guda. Akwai kuma ran da hawaye suka hana shi, yayarsa ta zauna tare da shi har ya share fuska.

Ana nan sai Keziya ta tafi jinyar jikarta a wani gari. Da gari ya waye, mutumin ya ga ƙafafunsa sun kai shi gindin mangwaro. Ya zauna, ya yi wa kansa tambaya, ya amsa.

Ana gobe biki ya kira Kyauta, ya miƙa mata littafin. Ya ce, "Ban gama ba, 'yata. Ko rabi ban kai ba."

Ta shiga ɗaki da shi. Da rana ta yi sanyi ta fito, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Baba, ashe mamata in tana daka takan yi waƙa ƙasa-ƙasa, tana karkata kai? Ai ni ma haka nake yi."

Ya ce, "Na sani. Kullum ina ganinki. Faɗa miki ne na kasa."

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, ta ce, "Ka sayi wani littafin. In na zo ganin gida zan karɓa."

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan mu ne, duk wanda Allah ya ɗora wa magana a zuciya, ko wa'azi ne, ko waƙar zumuntar mata a coci, ko tarihin iyayenmu da 'ya'yanmu suke jira. Ba lalaci ba ne ya hana shi, ƙauna ce da ta gauraya da tsoro. Yana so kalmarsa ta fari ta fito cikakkiya, saboda haka bai bar ko ɗaya ta rayu ba. Keziya kuwa ita ce ɗan'uwan da Ubangiji yakan aiko, ba don ya yi mana aikin ba, sai don ya zauna kusa da mu har hannu ya saba.

Ƙaunatattuna, Ubanmu na sama bai ce mu kawo masa abin da ba shi da aibi ba. Ya san mu turɓaya ne. Ku zaɓi ɗan lokaci da wuri guda, ku riƙa zuwa kowace rana, ko zuciya ta so ko ba ta so ba. Ku rubuta ɗan abin da aka ba ku a ranar, gyara ya biyo baya. Akwai wanda yake jiran maganar nan taku, kuma ba zai ƙirga kurakuranku ba. Murna zai yi da kun faɗa masa tun kuna da rai.